Gidan Yaya Sani Mai Taya

Tun da na dawo daga Jidda ban huta ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka, kafin ya gama tauna dabinon da na miƙa masa sai ya ce, "Malam Garba, wai da gaske ne yayanka a cikin mota yake kwana?" Abokaina na gidan waya, waɗanda muka ajiye aiki tare, har sun fara cewa su ma da za su samu irin gidan nan da sun huta da surutun unguwa. Na gaji da maimaitawa, kuma kowa rabi yake ji ya tashi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya karanta ya yi wa kansa alƙalanci.

Yaya Sani wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar Katsina yana saurayi, ya bi kawunmu ta hanyar Sudan, ya sauke farali, ya yi zamansa. Ya daɗe yana tuƙi a wani kamfanin Turawa masu shimfiɗa kwalta. Da shekaru suka ja, suka sallame shi, suka bar masa ɗaya daga cikin ɗakunan da injiniyoyinsu ke kwana a bakin aiki. Karafan suke ce masa a can. Ɗaki ne dogo na kwano a kan tayoyi, ana ɗaura shi a bayan mota a ja shi duk inda aka ga dama. A shekarar ce kuma matarsa ta rasu. Sai ga saƙo ta bakin alhazan garinmu daga 'yarsa Zainab: a gaya wa Baffa Garba ya zo, Baba ya bar gida ya koma akwati, in ya mutu a daji ba wanda zai sani. Wannan magana ita ta ɗaga ni, na nemi izinin umra a shekarar da muka fara riƙe naira.

Ni mutum ne mai tsoro, kowa a unguwarmu ya sani. Ko a mota ba na zama gaba. Da jirgi ya tashi daga Kano na riƙe hannun kujera har yatsuna suka sanƙare, maƙwabcina kuwa, wani ɗan kasuwa da ya saba, yana ta barci da baki buɗe. Abincin da suka kawo ban taɓa ba, don ban ga yadda mutum zai ci abinci ƙafarsa ba ta ƙasa ba.

A filin jirgin Jidda ma'aikacin da ke binciken kaya ya buɗe ƙunshin daddawar da na kawo wa Yaya. Ya sunsuna, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya sunsuna. Suka yi ta tambayata da Larabci, ni kuma Larabcina na sallah ne, ina ta cewa "miya, miya" ina kwatanta tuƙi da hannu. Na ce shi ke nan, a kan daddawa za a mayar da ni gida. Wani mai shara da ke gefe, baƙi kamar ni, ya matso ya yi musu bayani, sa'annan ya juyo ya ce mini da Hausa, "Alhaji, sun ce abin nan ya mutu. Ka bar musu, yalla, ka wuce." Suka jefa ta a kwandon shara, suka bar mini kuka da yaji.

Zainab tana aure a Sharafiyya, a wani bene da ke kan shaguna. Gida ba tsakar gida, ba zaure, ka hau matakala kawai ka tarar da ƙofa. Da safe sai in ga mata sun zuro kwando da igiya ta taga, mai burodi ya sa musu, su janye. Abin karyawa ful ne, wake da aka dafa ya narke aka zuba masa mai, a ci da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Ya yi mini daɗi, amma cikina ya yi kwanaki yana neman koko. Zainab a can aka haife ta, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Larabci.

"Ya Baffa, wallahi ta'abt, na gaji," in ji ta. "Ɗaki na ba shi, da na'urar sanyi, da komai. Ya ce halas, shi ba majinyaci ba ne. Ga ciwon sukari. Ya ja wannan karafan ya tafi bakin bahar, can teku, kwana da kwanaki, ba mu san inda yake ba. Kai ƙaninsa ne, yimkin, wataƙila ya ji maganarka."

Na ce mata zan gwada. A raina kuwa na san tun muna yara Yaya Sani bai taɓa jin maganata ba.

Mijinta ya kai ni Khumra, can kudu da gari, inda ba abin da ke akwai sai sito-sito da garejoji da ɗakunan leburori. A bayan katangar wani gareji na ga karafan ɗin, fari dogo, da 'yan tagogi, kusa da shi ga wata tsohuwar a-kori-kura da su suke kira wanet. Na yi sallama. Yaya ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon sama da kaina kaɗan, har sai da na sake magana. Sa'annan ya sauko ya rungume ni, ya shafa fuskata da tafin hannunsa tun daga goshi har gemu, ya ce, "Garba, ka tsufa." Na ɗauka shafa fuskar nan al'adar Larabawa ce. Da ya zo zuba shayi kuma na ga ya sa yatsa a bakin kofi yana zubawa har ruwan ya taɓa shi, na ce a raina wannan ma tasu ce.

Gaskiya gidan yana da abin sha'awa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Gado yana naɗewa ya zama kujera, tebur yana fitowa daga bango, ga murhun gas, ga tankin ruwa, ga ɗan kewaye da ba ya ɗaukar mai babbar riga sai ya tuɓe. Daga inda kake zaune hannunka yana kaiwa ga komai. Ba mai gida da zai ce ka tashi, ba maƙwabcin da zai zuba maka ruwan wanki a ƙofa. In zafi ya dame ka ka ja gidanka zuwa inda iska take. A bangon ƙuryar akwai ƙusa guda da aka rataya wa tasbaha, Yaya ya ce nan ce alƙibla.

"To Yaya, in gidan ya juya fa?"

"Sai ka juya shi ya dawo daidai. Ni duk inda na sauka, sai na daidaita gidan da ƙusar nan kafin in kashe mota."

Na kawo maganar da ta kawo ni. Na ce gida ba zaure, ba wanda zai yi maka sallama, ba wanda zai lura ba ka fito masallaci ba. Ya saurare ni har na gama, abin da bai saba ba. Sai ya ce, "Gobe za mu fita tare. Ka ga abin da nake gani. In ka gani ka ce in koma, sai mu yi magana."

Da hantsi ya ɗaura karafan a bayan wanet, yana laluben sarƙa da ƙugiya da hannu ba tare da ya duba ba, muka kama hanyar kudu. Tun daga nan ban ji daɗin zama ba. Mu a gida ba mu daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, har yanzu ina ganin kamar kowace mota kaina ta nufo. Ga kuma gida guda yana bin mu a baya. Duk sa'ad da babbar mota ta wuce mu, sai iskarta ta bugi karafan ya yi wutsiya, ya ja wanet hagu ya ja ta dama, ni kuma in damƙe kujera. Yaya ko a jikinsa.

Mun yi nisa, gari ya ɓace, sai rairayi da kwalta, ya ce, "Garba, wancan baƙin a gefen hanya mene ne?"

"Raƙumi ne, Yaya."

"Tsaye yake ko tafe?"

Na juya na dube shi. Raƙumin nan yana gabanmu kamar daga nan zuwa bakin kasuwa, rana tsaka, ba ƙura ba hazo. Na dubi idanunsa da kyau a karon farko, na ga wani fari-fari ya rufe baƙin kamar nono a ruwa. Nan take shafa fuskar nan da yatsa a kofi suka dawo mini.

"Yaya, ba ka gani."

"Ina ganin baƙin kwalta da farin rairayi. Ya isa. Hanyar nan da ni aka yi ta, ƙarar taya kawai nake ji in san inda nake. Ka gaya mini raƙumin."

"Tafe yake. Yana hawa titi."

Ya taka birki a hankali, gidan da ke bayanmu ya turo mu, ya turo mu, muka tsaya raƙumin yana wucewa dab da hancin motar, yana tauna abinsa. Daga nan na zama idon Yaya. Ina faɗin mota tafe, rami a dama, akuya, kwana. Ban ƙara jingina da kujera ba. Na roƙe shi mu juya, ya ce juyawa da karafan a kan titi ta fi ci gaba haɗari. Ban san ko gaskiya ba ne, ni ko keke ban iya ba.

Can ya saki kwalta ya bi wata 'yar hanya har bakin teku. Ban taɓa ganin ruwa haka ba, ba ƙarshe, kuma ba kowa. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar karafan, ya dafa shinkafa da busasshen kifi, ya barbaɗa yajin da na kawo. Iska tana kaɗawa. Sai da muka ci ya yi magana.

"A gidan Zainab, in na tashi sai a ce Baba zauna. In na nemi buta sai a kawo. Na yi karo da kujera sau ɗaya, na ji sun yi shiru dukkansu. Garba, in suka gane, an gama da ni, sai dai a ajiye ni a ƙurya ana kawo mini abinci har ranar da za a fitar da ni. A nan kuwa na san kowace ƙusa. A cikin gidan nan ni ba makaho ba ne."

Na tausaya masa, kuma na ji tsoronsa, duka a lokaci ɗaya.

Da azahar ta yi ya ce gidan bai daidaita ba, bari ya juya shi. Na ce mu yi sallah a waje mana, ga fili. Ya ce shi bai taɓa barin gidansa a karkace ba. Ya shiga wanet ya fara ja da baya. Ni ina tsaye ina kallo, na ga ƙasar da yake nufa ta fi sauran duhu, da wani farin gishiri a samanta, amma ban san ma'anarta ba. Shi ya san ma'anarta sarai, sai dai bai gan ta ba. Sabakha suke ce mata, sama a bushe, ƙasa taɓo. Tayoyin karafan na gefe guda suka nutse, gidan ya kwanta a kaikaice, na ji kwanuka suna zubewa a ciki. Ya ba da wuta, wanet ma ta tona wa kanta rami ta zauna.

Ya fito da shebur ya hau haƙa. Na ce ya bari rana ta yi sanyi, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na karɓa na yi iyakar yina, hannun da ya saba da hatimi da tambari bai jima ba ya yi bororo. Ya sake karɓa. Yana cikin haƙa sai na ga shebur ya faɗi, shi kuma ya durƙusa, ya kife a taɓon.

Na ja shi zuwa inuwa. Zufa ta jiƙe shi, jikinsa sanyi ƙalau, ina kira ba ya amsawa sai wani gurnani. Na shiga karafan neman ruwa, na tarar tankin ya tsage da faɗuwar, ruwan yana bin ƙasa, abin da ya rage bai cika buta ba. Na ɗaga kai na ga tasbahar nan ta bar jikin bango tana lilo, ƙusar tana nuna wani wuri tsakanin teku da ƙasa. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a jirgi. Na ce in Yaya ya cika a nan, da wane ruwa zan wanke shi? Wa zai tsaya a bayana mu yi masa sallah? Mutumin da ya bar Katsina don ya kusanci Ɗakin Allah, ga shi zai tafi ba sahu ko ɗaya, a hannun ƙanin da bai ma tabbatar da inda zai fuskantar da shi ba. Maganar Zainab ce take faruwa a gabana, ba abin da ya ragu sai dai ni na sani.

Na ɗiga masa ruwan a baki, na lulluɓe shi da rawaninsa, na kama hanyar titi da gudu, ni da rabona da gudu tun ina makarantar elementare. Da na kai, na tuɓe babbar rigata ina kaɗawa. Motoci suna wucewa jefi-jefi. Wasu su rage gudu, su dubi can inda farin karafan yake ƙyalli, su ƙara wuta. Na yi kira da Hausa, na yi da ɗan Turancina, na yi salati da ƙarfi. Ina ta waiwaye, ina tunanin ko ya riga ya tafi ni ina nan ina kaɗa riga.

Wata tankar ruwa ce ta wuce ni, sa'annan ta tsaya can gaba ta dawo da baya. Direban ya leƙo ya ce, "Kai Alhaji, lafiya? Aikin rigar nan na gani na ce wannan namu ne." Sunansa Adamu, Bahaushen Sudan ne, kakanninsa ma hanyar hajji ce ta ajiye su a can. Ban iya yi masa bayani ba, hannu kawai na nuna.

Da muka isa Yaya yana numfashi. Adamu ya duba shi, ya tambaye ni ko yana da sukari, ya jiƙa dabino ya murje a ruwa ya dinga ɗura masa kaɗan-kaɗan, abokin aikinsa, wani dattijo mutumin Yaman, yana yi masa fifita da kwali. A hankali Yaya ya buɗe ido ya ce, "Wane ne?"

"Adamu ne, ya ammi, mai tankar ruwa. Wallahi na sha ganin karafan ɗin nan a bakin bahar, ina wucewa kullum. Ban taɓa tsayawa ba. Na ɗauka na Nasara ne, su kuwa ba sa son a dame su. Da na san Musulmi ne a ciki, ɗan'uwa kuma, ai da ko sallama na tsaya na yi."

Na dubi Yaya. Na ga maganar ta shige shi fiye da duk abin da ni da Zainab muka faɗa. Can ya ce, a hankali, "Kullum kake wucewa?" Adamu ya ce kullum.

Suka ɗaura sarƙa a tankar suka fizgo wanet, suka fizgo karafan, gefensa guda ya lotse. Dattijon nan ne ya tuƙa mu zuwa gari, Yaya yana tsakiya, kansa a kafaɗata. Muna shiga gari ya ce kada a kai shi Khumra, kada kuma a kai shi benen Sharafiyya. A kai shi Hindawiyya, tsohuwar unguwarsu inda ya zauna da marigayiya, akwai wani kango kusa da masallaci.

Kwanakin da suka biyo baya na zirga-zirga ne. Mijin Zainab ya je wurin umda, wato mai unguwarsu, aka yarda a ajiye karafan a kangon. Yaya da bakinsa ya gaya wa Zainab maganar idonsa, ta yi kuka, ta yi faɗa da Larabci, ta sake yin kuka. Ya miƙa mata makullin wanet. Amma da aka ce a cire tayoyin karafan a ɗora shi a kan bulo, ya ƙi. Ya ce a bar masa tayoyinsa, kuma a riƙa duba iskarsu. Ya sa aka yi ta turawa ana ja har ƙusar nan ta daidaita da masallaci, sa'annan ya yarda ya shiga. Ni kuma na samu na je Makka na yi umrata, na yi ta addu'a ba na komai ba sai ta godiya.

To, masu cewa in sun samu irin gidan nan sun huta, ga abin da na gani. Yana da daɗi, ba mai takura maka, kuma dattijon da aka fara yi wa kallon kaya yana samun inda shi ne mai gida. Amma duk surutun unguwar da kuke gudu, a cikinsa ne mai lura da ku yake. Ni dai ko kyauta aka ba ni, a ƙofar gidana zai tsaya.

Ranar da zan taso na kwana wurin Yaya. Gajiya ta danne mu, ba mu ji kiran asuba ba, sai da rana ta fito ta fara dumama kwano. Ina cikin laluben buta sai na ji an buga jikin karafan, irin bugun da ke sa ɗakin duka ya amsa. Muryar wani tsoho ta ce, "Salamu alaikum. Ya Sani, lafiya dai? Ba mu gan ka a sahu ba."

Na buɗe baki zan amsa, Yaya ya lalubo hannuna ya riƙe gam. Na dube shi, hawaye yana bin gefen fuskarsa zuwa kunne.

"Yi shiru, Garba," ya ce da raɗa. "Bari ya sake bugawa."